Yadda Mai Ciki Za Ta Shirya wa Shayarwa: Jagora ga Matan Katsina da Daura

Tambayoyin da masu ciki ke yawan yi mini kan shayarwa kusan iri ɗaya ne, musamman masu cikin fari. Me zan ci nono ya zo da yawa? Me zan saya? Yaya zan yi idan aka ce nonona ba shi da kyau? Wa zan nema idan jariri ya ƙi kamawa? Ga amsoshin nan bi da bi, daga watannin ciki har zuwa bayan arba'in.

Abin da nake so ki riƙe tun yanzu, 'yar'uwa, shi ne yawancin abin da ke ɓata shayarwa a gidajenmu a kwana uku na farko yake faruwa, lokacin da kike kwance a gajiye, jaririn kuma yana hannun wasu. Shi ya sa tun da ciki ake shiri. Abu uku muke nema: a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, ya sha nono zalla ba ko ruwa har wata 6, sannan a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara 2. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, kuma shekara biyu cikakku ita ce ta zo a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara.

1. Fara awo da wuri, ki kai maganar nono

Da zarar kin tabbatar da ciki ki yanki kati. A cikin garin Katsina akwai Asibitin Mata da Yara na Turai Umaru 'Yar'adua, da Babban Asibiti, da Asibitin Koyarwa na Tarayya. A Daura akwai babban asibitin garin. Idan waɗannan sun yi miki nisa, ƙaramin asibitin unguwarku ya isa a fara. Tun 2016 shawarar da ake bayarwa ita ce mai ciki ta je awo aƙalla sau 8.

Ki sha maganin ƙarin jini kullum, ki karɓi na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar tetanus, ki kwana cikin gidan sauro. Uwar da ta haihu da ƙarancin jini takan wahala wajen raino saboda jiri da kasala. Ki yarda a yi miki gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta. Ko da an samu ƙanjamau, uwar da ke shan maganinta kullum ba fashi tana shayarwa bisa kulawar asibiti.

A ɗaya daga cikin ranakun awon, wajen wata na bakwai, ki ce wa malamar asibiti ta duba miki nono. Ki faɗa mata idan an taɓa yi miki aiki a wurin, ko kina shan maganin hawan jini, ciwon suga ko farfaɗiya. Ki kuma tambaye ta kai tsaye: a nan, ana ɗora wa uwa jaririnta a ƙirji da zarar ya fito? Kada kunya ta hana ki. Layin awo yana da tsawo kuma ma'aikata suna sauri, wadda ta buɗe baki ita ake yi wa bayani.

2. Ki bar nonon yadda yake

Ba ya buƙatar wani gyara. Ki wanke shi da ruwa lokacin wanka, shi ke nan. Idan kin ga ɗan ruwa mai kauri yana fita a watannin ƙarshe, dakashi ne ya fara haɗuwa. Idan ba ki gani ba, ba matsala. Ƙanƙantar nono ba ta rage yawan ruwansa.

Gargaɗi: kada ki riƙa jan kan nono ko murza shi ko goga shi da soso wai don ya yi ƙwari. Yana sa fata ta tsage, kuma yawan murzawa na iya tayar da ciwon mara kafin lokaci. Ko kan nononki a shafe yake ko ya shige ciki, ki bari sai an haihu, akwai dabarar da za a nuna miki.

3. Zauna da mutanen gida kafin watan haihuwa

A ganina wannan matakin ya fi duk sauran nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa. Ki zauna ki lissafa su wane ne za su kasance kusa da ke a makon farko. Idan goyon ciki za ki je gida, mahaifiyarki ce ko gwaggonki. Idan a ɗakinki za ki yi jego, surukarki ce, ko kishiya, ko wata dattijuwa da za a turo ta yi miki wanka. Akwai kuma ungozoma. Su ne za su karɓi jariri idan ya yi kuka cikin dare, kuma abin da suka saba yi wa nasu 'ya'yan shi za su yi wa naki, da zuciya ɗaya.

Ki fara da maigida. Ki gaya masa abin da aka ce a asibiti, ki nuna masa lissafin madarar gwangwani da ke mataki na 4. Idan ya gamsu, shi ya dace ya kai maganar wurin mahaifiyarsa, domin abin da ɗa zai faɗa wa uwarsa a zauna lafiya, idan suruka ta faɗa yana iya zama rashin kunya. Naki ɓangaren kuma, ki roƙi wadda za ta kula da ke ta raka ki awo ko sau ɗaya, ta ji da kunnenta. Kina iya ce mata: "Inna, don Allah ki raka ni ranar awo, malamar ta ce tana son ganin wadda za ta riƙe mini jariri." Dattijuwar da aka girmama aka sa ta cikin shiri, ita za ki ga tana hana 'yan barka ɗura wa yaro ruwa.

Abubuwan da za ku daidaita a kansu su ne waɗannan. Dakashi ba za a matse a zubar ba. Ba za a yi gwajin nono ba, ko da tururuwa ko da wuƙa mai zafi. Tururuwa ko a ruwan randa ta faɗa tana iya mutuwa, kuma wannan gwajin ya raba jarirai da yawa da nonon da ba abin da ya same shi. Ba ruwan zafi, ba ruwan suga, ba madarar shanu ko ta akuya, ba jiƙe-jiƙe. Zuma kuwa sai ya cika shekara ɗaya, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri har ta taɓa numfashinsa.

Maganar zamzam da rubutu tana buƙatar lalama. Abin da ya fi sauƙi shi ne ke ki sha, shi a yi masa addu'a a tofa masa. Idan za a yi masa tahniki da dabino, a bari ya fara shan nono tukuna, a wanke hannu, kuma ɗan shafawa ne sau ɗaya a ganɗa. Jiƙa dabino a riƙa ba shi ruwan kullum wani abu ne daban.

4. Kayan da za ki tanada, da kuɗinsu

Ba su da yawa. Riguna biyu ko uku masu buɗewa ta gaba, kuma tela zai iya sa wa tsofaffin rigunanki zif. Rigar nono ta auduga wadda ba ta matse ki, ki saya a wata na takwas ki ƙara girma kaɗan. Tsaftatattun ƙyallayen auduga na tare ruwan nono idan yana zuba. Matashin kai biyu. Ƙaramin kofi mai murfi da za a iya tafasawa. Gorar ruwan da za ki ajiye kusa da gado.

Kada ki sa fida da madarar gwangwani cikin kayan haihuwa wai ko da za a buƙata. Idan suna cikin ɗaki, daren farko da jariri ya yi kuka za a buɗe su. Ga kuma lissafin: jaririn da madara kaɗai yake sha yana buƙatar kusan kilo 20 a wata 6 na farko, wato gwangwani 50 masu giram 400. Ki tambayi kuɗin gwangwani ɗaya a kemis ki ninka sau 50, ki ƙara kuɗin gawayi ko gas na tafasa ruwa da fida. Idan kuɗi ya yanke a tsakiya, sai a koma tsinka madarar da ruwa, daga nan gudawa da tamowa ke shigowa. Wannan kuɗin ya fi amfani a cefanen mai jego. Injin tatsar nono ma ba dole ba ne, hannunki ya isa.

5. Awar farko bayan haihuwa

Ki haihu a asibiti idan da hali. Tun kina naƙuda ki tuna wa mai karɓar haihuwa cewa kina son a ɗora miki shi. Da ya fito a goge masa jiki, a kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata, a lulluɓe ku da zane, a sa masa hula. Ki bar shi aƙalla awa ɗaya. Za ki ga yana motsa baki yana neman nono da kansa. Tsotsonsa yana sa mahaifa ta tsuke, zubar jini ya ragu, shi ya sa za ki ji mara na murɗawa lokacin da yake sha a kwanakin farko.

Dakashi kaɗan ne, mai kauri, launin ɗorawa. Kaɗan ɗin nan ya ishe shi, domin a ranar farko cikin jariri bai ɗaukar fiye da cokalin shayi ɗaya zuwa ɗaya da rabi a sha guda. Shi ne garkuwarsa ta farko daga cututtuka, shi ke kuma tura baƙin kashin farko waje.

Gargaɗi: a jinkirta wankan jariri zuwa awa 24, gogewa ta isa. Idan aiki aka yi miki, wadda ta rako ki ta taimaka a sa shi a nono da zarar kin dawo hayyacinki, a riƙe shi ta gefen hammata don kada ya danne ɗinki. Idan bakwaini ne bai iya tsotso ba, ki fara tatsa a ranar a ba shi da kofi ko yadda ma'aikata suka tsara.

6. Yadda zai kama nono

Kusan duk ciwon kan nono da kukan "nonona ba ya isarsa" daga nan suke farawa, don haka ki karanta wannan a tsanake.

Ki zauna ki jingina bayanki, ko ki kwanta a gefe. Ki juyo da jaririn gaba ɗaya, cikinsa ya manne da naki, kunne da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya. Ki tallafe duk jikinsa har ɗuwawu. Hancinsa ya kasance daidai kan nono. Ki taɓa leɓensa na sama da kan nonon, ki jira ya wangale baki kamar mai hamma, sai ki jawo shi zuwa gare ki da sauri. Ke ba za ki sunkuya ki kai masa ba, bayanki zai yi ciwo kuma kamun ba zai yi zurfi ba.

Ki duba abu huɗu: bakinsa a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, kuma baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Kumatunsa za su cika, zai ja a hankali ya ɗan tsaya, za ki ji haɗiya. Idan kan nonon kaɗai ya kama za ki ji zafi har ƙarshen shan, kumatunsa na lotsawa, kan nonon ya fito a matse. Ki zura ƙaramin yatsanki mai tsafta a gefen bakinsa ki cire shi, ki sake. Ko sau nawa ne ki sake.

Kuskuren da aka fi yi shi ne riƙe nono da yatsu biyu kamar almakashi dab da kan nonon, wanda ke hana shi kamawa da zurfi. Ki tallafo shi daga ƙasa, yatsu can baya. Na biyu shi ne sauya nono bayan minti biyu ko uku. Ruwan farko sirara ne mai kashe ƙishirwa, mai maiƙon yana ƙaruwa yayin da nonon ke raguwa. Ki bar shi ya saki da kansa kafin ki ba shi ɗayan, sannan ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa.

7. Makon farko, da maganar ruwa

Ki ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, sau 8 zuwa 12 a awa 24. Kada ki jira kuka. Tsotsar hannu da juya kai alamun yunwa ne. Idan mai yawan barci ne, ki tashe shi kada ya wuce awa 3. Tsakanin kwana na 2 da na 4 za ki ji nono ya cika. Nono kamar rijiya yake, ɗiba ke sa ruwa ya ɓuɓɓugo. Duk kofin ruwa ko madarar da aka ba jariri yana rage tsotso, raguwar tsotso kuma tana rage nonon.

Ga yadda za ki gane yana ƙoshi: daga kwana na 5 yana fitsari aƙalla sau 6 a rana, marar duhu, kashinsa ya koma ruwan ɗorawa mai laushi. Ya ɗan rame a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, yakan dawo nauyin haihuwarsa cikin mako 2.

Za a ce miki zafin Katsina a watan Afrilu da Mayu ko babba bai jure shi ba ruwa. Gaskiya ne zafin yana da tsanani, kuma mai faɗar haka tausayi ne ya sa ta. Amsarki ita ce fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma tsaftatacce. Idan ana zafi ki ƙara yawan shayarwa, ke ki sha ruwan.

Ranar suna ki yi hattara. Jariri na yawo hannu zuwa hannu, mai jego na gaisawa da baƙi, sai a wuni bai sha ba sai sau biyu ko uku, da dare nono ya kumbura. Ki sa ƙanwarki ko aminiyarki ta riƙa dawo miki da shi duk bayan awa 2.

8. Cin mai jego da wanka

Da ciki ki ƙara cin abinci sau ɗaya a kan yadda kika saba, da goyo ki ƙara sau biyu. Abincin gida ya wadatar: tuwo da miyar kuka ko zogale, wake, ƙwai, kifi, nama idan ya samu, kunun gyaɗa, fura da nono mai tsafta, da 'ya'yan itacen da ake yayi. Ki sha ruwa duk lokacin da kika zauna shayarwa.

Gargaɗi: kunun kanwa a rage shi ƙwarai. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da tsananin gasa jiki da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Mai hawan jini ta bar shi gaba ɗaya. Ruwan wanka ya zama mai ɗumin da jiki zai ɗauka, kuma kada a fyaɗa shi a kan nono. Idan kika ga ƙafafu sun kumbura, kina haki, ko ba kya iya kwanciya sai a jingine, a kai ki asibiti a ranar.

Duk inda za a ba ki magani, ki ce kina shayarwa. Farasitamol ba matsala, amma ki guji tiramadol da kodin. Idan azumi ya same ki da ɗanyen goyo, shari'a ta yi miki rangwame. Ki tambayi malami yadda ramuwa da ciyarwa suke.

9. Idan matsala ta taso

Tsagewar kan nono: ki gyara kamu, ki shafa ɗigon nononki a wurin ki bar shi ya sha iska. Nono ya kumbura ya yi tauri: ki ɗan tatsa da hannu har baƙin ya yi laushi, ki ba shi, bayan ya sha ki ɗora tsumma mai sanyi. Wuri ɗaya ya yi ja da zafi ga zazzaɓi: ki ci gaba da ba shi wannan nonon, ba zai cutar da shi ba, kuma idan an kwana ɗaya ba sauƙi ki je asibiti kafin ya tara mugunya. Kada a tsaga, kada a shafa toka ko wani haɗi.

Idan har ta kai wata ce za ta shayar miki da shi, a yi mata gwajin jini, kuma a rubuta sunanta da na 'ya'yanta a ajiye, saboda hukuncin aure tsakanin 'yan'uwan shayarwa.

10. Tatsa, don mai komawa aiki ko makaranta

Ki fara koyo mako 2 kafin ki koma. Ki wanke hannu, ki tafasa kofi. Ki sa babban yatsa a saman baƙin nono, manuni a ƙasa, ki danna baya wajen ƙirji, ki matse, ki saki, kina zagayawa. Kada ki ja kan nonon. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a rufe a wuri mai sanyi cikin ɗaki, lokacin bazara kuma gara a ba shi da wuri. A firji yana kai kwana 4, amma sai inda wuta ba ta yankewa. A ɗumama shi ta hanyar tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta. Mai raino ta ba shi da ƙaramin kofi, yana zaune a cinyarta, yana lasa da kansa ba ɗura ba.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa bayan ta dawo. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya suna da mako 16. Ki tambayi ofishinku abin da ya shafe ki tun ciki yana wata 6, ki rubuta takardar neman hutu da wuri.

11. Wa za ki kira

Kafin ki haihu ki samu lambar waya biyu: ta wata ma'aikaciyar lafiya da kika saba da ita a wurin awo, da ta wata 'yar'uwa ko maƙwabciya da ta shayar da nata zalla har wata 6. Ki tambaya a asibitin unguwarku ko akwai ƙungiyar iyaye mata masu shayarwa da ke zama a yankin, ki fara zuwa tun da ciki don ki ga yadda ake kamu da idonki. Ku kuma daidaita da maigida kan abin hawa da kuɗin ko-ta-kwana, musamman idan kuna ƙauye.

Idan bayan mako 2 kina yawan kuka, ba kya barci ko jariri ya yi barci, ko kina jin ba kya son ɗaukarsa, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya. Lalura ce da ke samun masu jego kuma ana maganinta.

Jariri kuwa, a kai shi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan ya ƙi kama nono bayan yana sha, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi, ko yana numfashi da sauri haƙarƙarinsa na lotsawa, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya motsi, ko cibiya ta yi ja tana wari, ko ciwon shawara ya bayyana a ranar farko ko ya sauko har tafin hannu da ƙafa. A hanya ki manna shi a ƙirjinki cikin zane, ki ci gaba da gwada ba shi nono, ki tafi da katin awonki.